Yadda Irin Balas Ke Ƙara Ko Rage Kwanan Ampul Neyo: Jagora Ga Masu Gida Da Masu Gyaran Wuta A Maradi

A farkon bazarar da ta wuce wani tela mai shago a unguwar Zariya ya aiko yaronsa ya kira ni. Da na isa sai ya nuna mini dogayen ampul uku jingine a bayan ƙofa, kowanne da baƙin zobe a kai kamar an ranbaɗa masa kwalli, ya ce: "Malam, kayan yanzu ba su da ƙwari. Cikin wata shida wannan shi ne na huɗu a wuri guda." Regilet biyu ne a shagon, wato ƙarafan da ake ɗora ampul a kansu, kuma a hannun mutum ɗaya ake sayen ampul ɗinsu, amma na kan teburin yanka ba a taɓa sauya masa ba, na kan keken ɗinki shi kaɗai ke ci kamar gara. Na sa aka sauke disjonkta, na buɗe murfin, sai ga wani ɗan balas, wato na'urar da ke ƙayyade wa ampul wuta, na roba marar nauyi wanda ba a rubuta komai a jikinsa ba in ban da 40W. Da an bar shi, da ya ci na biyar da na shida, maigidan kuwa yana ta zagin mai kanti.

Mutane da yawa sun ɗauka zaɓi biyu ne kawai, wato tsohon balas na ƙarfe da sabon na elektoronik, kuma sabo ya fi tsoho. Maganar ta fi haka faɗi. Abin da ke yanke wa ampul kwana shi ne yadda balas ke tayar da shi a lokacin kunnawa, sannan yawan wutar da yake ba shi bayan ya kama, kuma a ƙarƙashin sunan elektoronik akwai wanda ya fi na ƙarfe kyautata wa ampul, akwai wanda ya fi shi cutar da shi.

Abin da ke mutuwa a cikin ampul

Kafin a taɓa turnabis ya kamata a san abin da ake ƙoƙarin karewa. Ampul neyo bututun gilashi ne da aka zuƙe iskarsa aka sa masa ɗan gas irin su argon da ɗigon zaiba. Idan wuta ta ratsa tururin zaibar sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani, farin garin da aka shafe cikin gilashin da shi kuma ya mayar da shi farin hasken da muke gani. A kowane kai na bututun akwai ɗan murɗaɗɗen zaren ƙarfen tungistan da aka lulluɓe da wani shafi na sinadaran bariyam da sitirontiyam da kalsiyam, kuma wannan shafin ne ke sakin ƙwayoyin lantarki cikin sauƙi idan zaren ya yi zafi. Ran ampul yana cikin wannan shafi. Ranar da ya ƙare, ampul ya mutu, ko da gilashinsa fes yake.

Hanya biyu shafin ke ƙarewa. Idan zaren ya yi zafi fiye da kima sai shafin ya riƙa tashi kamar tururi a hankali, idan kuma aka buga wa zaren wuta mai ƙarfi alhali yana da sanyi sai ƙwayoyin gas su riƙa dukansa suna ɓantarar shafin suna watsa shi a jikin gilashi. Baƙin zoben da telan ya nuna mini, shafin ne da ya bar wurin aikinsa ya manne a bango.

Shi kuma balas dalilinsa shi ne, ampul neyo ba ya iya ƙayyade wa kansa abinci: da zarar ya kama, iyakar yawan wutar da ta ratsa shi iyakar sauƙin da yake ƙara ba ta, don haka in aka haɗa shi da layi kai tsaye zai ƙone nan take. Balas ne ke tsayawa tsakani ya riƙe wutar a ma'aunin da aka tsara, misali amfiya 0.43 ga ampul mai wat 36, da amfiya 0.37 ga mai wat 18.

Mataki na farko: a gane irin balas ɗin da ke cikin regilet

Ana iya gane wannan tun daga ƙasa, ba tare da an hau tsani ba. A kashe fitilar, a jira kamar minti biyar ta huce, sannan a kunna a zuba mata ido. Idan ta yi ƙyafta-ƙyafta sau biyu ko uku tare da ɗan sautin ƙas-ƙas kafin ta tsaya, kuma ana ganin ɗan gwangwanin sitata a gefen regilet, to balas na ƙarfe ne, wanda waɗanda suka koyi aiki a Najeriya ke kira cok. Idan ta yi shiru na kamar sakan ɗaya ko biyu sannan ta kama gaba ɗaya ba ƙyaftawa, to na elektoronik ne mai ɗumama zare kafin tayarwa. Idan kuwa kafin a ɗauke yatsa daga makunni ta riga ta haska, to na elektoronik ne mai tayarwa a sanyi. Wayar hannu ma tana taimakawa: in aka ɗora kyamararta a kan fitilar balas na ƙarfe yawanci za a ga ratsi-ratsi suna gudu a fuskar wayar, domin haskenta yana sauka yana tashi sau 100 a cikin sakan guda, shi kuwa na elektoronik yana aiki ne da bugu dubu 20 zuwa sama a sakan, abin da ido ba ya kamawa.

Yana da kyau a fahimci abin da kowannensu ke yi wa zaren. A tsarin balas na ƙarfe, wanda naɗin wayar tagulla ne kawai a kan dunƙulen ƙarfe, sitata ce ke haɗa hanya ta bar wuta ta bi ta cikin zaren biyu su ɗumama, sannan ta saki, sakin nan kuma ya sa balas ya yi wata zabura ta ɗaruruwan volt wadda ke tayar da ampul. Matsalar ita ce sitata ba ta da agogo. Wani lokaci ta saki kafin zaren ya yi zafi, wani lokaci ta saki a daidai inda zaburar ba ta da ƙarfi, sai a sake daga farko, kuma kowace ƙyaftawar da ba ta kama ba duka ce a kan zare mai sanyi. Na elektoronik mai ɗumamawa yana auna lokacin, ya kai zaren ga zafin da ya dace, ya tayar sau ɗaya tak. Mai tayarwa a sanyi kuwa ba ya ɗumama komai, ƙarfi kawai yake gwadawa, kamar direban da ke tayar da mota da asubar hunturu ya take totur nan da nan.

Kamfanonin da ke ƙera ampul sun san wannan, shi ya sa suke rubuta wa ampul guda tsawon rai iri uku daban-daban. A takardar bayanan da Philips ya fitar game da ampul ɗinsa TL-D Super 80, an ba shi awa 15,000 a kan balas na ƙarfe, awa 20,000 a kan na elektoronik mai ɗumamawa, da awa 12,000 a kan na elektoronik marar ɗumamawa. Ga wanda ke kunna fitila awa 6 a rana, wannan ya kama kusan shekara 7, da shekara 9, da shekara 5 da rabi. Sai dai a lura da abu biyu. Adadin yana nufin lokacin da rabin ampul ɗin da aka gwada suka mutu, ba alkawari ba ne ga kowane ɗaya. Kuma ana gwajin ne a ɗakin da wutarsa ba ta rawa, ana barin ampul a kunne awa 2 da minti 45, a kashe minti 15, a sake kunnawa. Babu gidan da na sani a Maradi da fitilarsa ke samun irin wannan gata.

Mataki na biyu: a ƙirga sau nawa ake kunnawa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, alhali shi ke nuna irin balas ɗin da ya kamata a saya. A ɗauki takarda a rubuta kowace fitila ta gidan ko ta wurin aikin, da sau nawa ake kunna ta a rana, da tsawon lokacin da take yi a kunne kowane karo. Fitilar ƙofar gida da ake kunnawa da magariba a kashe da asuba, kunnawa ɗaya take sha cikin awa goma sha ɗaya ko sha biyu, saboda haka ko an sa mata mai tayarwa a sanyi ba za ta yi asara mai yawa ba. Fitilar masallacin unguwa kuwa ana kunna ta da asuba, da magariba, da lisha, kowane karo na ɗan lokaci, don haka a cikin awa ukun da masu gwaji ke lissafa kunnawa ɗaya ita ta sha uku ko fiye. Ta makewayi da ta madafa sun fi kowa wahala, domin a gidan da ke da yara ana iya latsa makunninsu sau ashirin kafin a kwanta. A irin waɗannan wurare mai tayarwa a sanyi yana iya cinye ampul tun bai yi kusa da rabin abin da aka rubuta masa ba.

Sai a ƙara da abin da littattafan Turai ba sa lissafawa, wato ɗaukewar wuta. Kowace ɗaukewa da dawowa kunnawa ce cikakkiya, in kuma akwai gurup, wato janareta, a gidan sai ta zama biyu, ɗaya lokacin da aka juya zuwa gurup, ɗaya lokacin da aka komo layi. Wutar Maradi tana zuwa ne ta babban layi mai volt dubu 132 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma duk wanda ya zauna garin nan tsakanin Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta dakatar da turo wuta, da Maris na 2024 da ta dawo da ita, ya san yadda rana guda ke rabuwa gida-gida tsakanin akwai da babu. Wanda unguwarsa ke yawan fama da yankewa, ya ɗauki dukan fitilunsa a matsayin masu yawan kunnawa, har da ta ƙofar gida.

Akwai masu cewa gara a bar neyo a kunne domin tayar da shi yana shan wuta mai yawa. Wutar da tayarwa ke ci ba ta wuce ta ƴan sakan na aiki ba, asarar kunnawa tana kan zare ne, ba a kan faktir ba. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce, in za a bar ɗaki fiye da minti 15 a kashe, in ƙasa da haka ne a bar shi.

Mataki na uku: a tambayi mataccen ampul abin da ya kashe shi

Kada a jefar da ampul kafin a dube shi, domin shi ne shaidar farko. A sauke disjonkta tukuna, a tabbatar da turnabis mai gwada wuta cewa layin ya mutu, sannan a murɗa ampul ɗin a fitar.

Idan baƙin ya taru a hankali a kai biyu bayan shekaru, tsufa ne, ba laifin kowa. Idan ampul na ƴan watanni ne amma kansa ya yi baƙi ƙirin, to ana tayar da shi a sanyi, ko kuma wutar da ake ba shi ba daidai ba ce. Idan kai biyu suna yin ja kamar garwashi amma tsakiya ba ta kama ba, a tsarin balas na ƙarfe, to sitata ce ta manne. A gwada zare ta alhali fitilar na kunne, in ampul ya kama nan take an sami mai laifi. Wannan hali ba a kwana da shi, domin a lokacin wutar da ke bi ta balas ta fi wadda aka gina shi a kai, yana ta zafi, zaren kuma yana ta gasuwa. Haka nan ampul da ke kamawa yana mutuwa dare da rana, wanda mutane ke bari mako guda suna cewa sai an samu kuɗi, yana kashe sitata kuma yana dafa balas. In ba a shirya sayen sabo ba, a zare sitatar kawai a ajiye. Idan kuwa an sa sabon ampul ya yi walƙiya sau ɗaya ya mutu, kada a sa wani: naɗin balas ya ƙone ya haɗe, ba ya tare komai.

Mai miltimita zai iya tabbatar da waɗannan. Tsakanin ƙafafu biyu na kai ɗaya na ampul ya kamata a sami ƴan ohm kaɗan, in ba a sami komai ba zaren ya tsinke. Balas na ƙarfe mai lafiya yakan nuna gomomin ohm, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a gwada shi da ɗan'uwansa mai aiki. Wanda ya nuna ƙasa da na ɗan'uwansa sosai, ko fentinsa ya koma ruwan ƙasa yana warin ƙonannen banis, ya gama aiki. A duba mazaunin ƙafafun ampul ma. In ya saki, ɗaya daga cikin zaren ba zai sami ɗumi ba, sai balas mai tsada ya koma yana tayarwa a sanyi ba tare da kowa ya sani ba, alamar hakan kuwa ita ce baƙi a kai ɗaya kaɗai.

Mataki na huɗu: a auna wutar gidan da zafin wurin

A auna wutar a bakin fitilar sau uku, da safe, da azahar, da kuma bayan magariba lokacin da kowa ya kunna fanka da talabijin. Abin da ake sa rai shi ne kusan volt 220 zuwa 230. Balas na ƙarfe ba ya gyara komai, abin da ya zo shi yake bi. In wuta ta hau, abin da ke ratsa ampul yana hawa fiye da yadda ita ta hau, zare ya yi zafi, shafi ya tashi. In ta sauka ƙasa da volt 200, sitata ta yi ta ƙoƙari ampul ya ƙi kamawa, kuma mun riga mun ga abin da kowace ƙyaftawa ke ci. Na elektoronik mai kyau yakan zo da rubutu irin 198–264V a jikinsa, kuma a cikin wannan tazara yana riƙe wa ampul wutarsa kusan daidai. Gidan da ke ƙarshen layi, wanda wutarsa ke faɗuwa da dare, wannan kaɗai ya ishe shi dalilin sauyawa, ko kuma ya sa regilata.

Masu gurup su kula da wani abu. Ƙarfin tarewar balas na ƙarfe ya dogara da saurin bugun wuta, wanda a ƙasarmu 50 ne a sakan. In an ɗora wa ƙaramin gurup kaya ya yi nauyi injinsa ya rage gudu, bugun yana sauka, balas ya rage tarewa. Saboda wannan dalilin ne ma balas da aka rubuta wa 60Hz kaɗai bai dace da mu ba, ko da an same shi da araha a cikin kayan gwanjo. Masu hasken rana da ke amfani da inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul, za su ji balas na ƙarfe yana gurnani yana zafi. Gara su nemi wata hanya.

Zafi kuwa shi ne abokin gabar balas ɗin kansa. A jikin na ƙarfe za a ga an rubuta tw 130, ma'ana in naɗin wayarsa bai wuce digiri 130 ba zai yi kusan shekara goma yana aiki ba tsayawa, kuma kowane ƙarin digiri 10 yana raba wannan biyu. Na elektoronik yana da ɗan ɗigo da aka rubuta wa tc, galibi 70 ko 75, kuma manyan kamfanoni kan ba shi awa 50,000 in wurin ɗigon bai wuce wannan zafi ba. Abin da ke fara gazawa a cikinsa kondansata ce, wadda zafi ke busar da ruwanta. A Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40, sai a ƙiyasta abin da regilet da aka ɗaure a jikin katakon da ke daf da kwano ke sha. A sauko da shi ƙasa da rufin da ɗan tazara, a bar iska tana ratsa bayansa, kada kuma a cusa balas biyu manne da juna a cikin akwati guda.

Mataki na biyar: saye

Ga yadda nake yanke shawara, kuma na san akwai abokan sana'a da za su yi mini gardama. Inda ake yawan kunnawa, ko inda hawa sauya ampul ke da wuya kamar dogon rufin masallaci da ɗakin taro, na elektoronik mai ɗumamawa daga kamfanin da aka sani shi ne zaɓi. Inda fitila ke kwana a kunne a waje, ga ƙura ga zafi ga tsawar damina, balas na ƙarfe mai kyau yakan fi jurewa, domin zaburar wuta da ke kashe na elektoronik nan take shi sau da yawa ko a jikinsa. In kuma kuɗin da ke hannu bai kai na mai kyau ba, gara na ƙarfe da sabuwar sitata a kan na elektoronik marar suna. Irin wanda na ciro daga shagon tela yana haɗa laifi biyu: yana tayarwa a sanyi, sannan yakan ba ampul wutar da ba ta kai ba, sai zare ya kasa riƙe zafinsa, ɓantarar shafi ta ci gaba har a lokacin da fitila ke ci. An fi gane shi da hasken da ya ɗan dushe idan aka kwatanta da na maƙwabcinsa.

A kanti a juya balas a karanta. Na kirki yana ɗauke da sunan kamfani, da zanen yadda ake haɗa wayoyi, da jerin ampul ɗin da yake ɗauka, da tw ko tc, da ajin cin wutarsa. A2 da A3 na elektoronik ne, B1 da B2 na ƙarfe ne masu ƙarancin asara, C da D kuwa su ne masu ɓarna, waɗanda Tarayyar Turai ta hana sayar da su, D tun 2002, C tun 2005. Ga ampul mai wat 36, tsarin A2 gaba ɗayansa ba ya wuce wat 36, na C kuwa yana kai wa 45. Wat 9 ba ya cika ido, amma a makarantar da ke da fitila 10 masu aiki awa 6 a rana ya kai kusan kilowat-awa 197 a shekara.

Sannan a daidaita balas da ampul. Mai santimita 60 wat 18 ne, mai 120 wat 36, mai 150 wat 58, kuma kowanne da nasa. Dogon siririn ampul T5 na zamani ba ya aiki da balas na ƙarfe da sitata, na elektoronik ɗin da aka yi dominsa kaɗai yake so. Sitata ma iri-iri ce: S10 ta Philips ko ST111 ta Osram ga ampul ɗaya, S2 ko ST151 ga ampul biyu masu wat 18 da aka jera a kan balas guda mai wat 36. Wanda ke son ya bar balas ɗinsa na ƙarfe amma ya rage wa ampul wahala, ya nemi sitata ta elektoronik, wadda ke ɗumama zare daidai ta tayar sau ɗaya, kuma ta daina ƙoƙari in ampul ya mutu. Ba kowane kanti ke ajiye ta ba, amma tana shiga mazaunin tsohuwar ba tare da an taɓa waya ko ɗaya ba.

Mataki na shida: haɗawa

Na ƙarfe hanyarsa ɗaya ce. Wayar da ke ɗauke da wuta ta fito daga makunni ta shiga balas, daga balas zuwa ƙafa ɗaya ta ampul, ƙafa ta biyu ta wannan kai ta tafi sitata, daga sitata zuwa ƙafa ɗaya ta ɗaya kan, ƙafar da ta rage kuma ta koma wayar dawowa. A tabbatar makunni yana yanke wayar mai wuta. In an sa shi a kan ta dawowa za a ga ampul yana ɗan ƙyalli cikin duhu bayan an kashe, mai gyara kuma yana iya shan kamu.

In za a koma na elektoronik, a cire tsohon balas da sitata da kondansatar da ke cikin regilet, duka ukun, bayan an ba kondansatar lokaci ta sauke abin da ta tara. A bi zanen da ke jikin sabon daki-daki, domin lambobin ramukan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wayoyin da zanen ya ce a taƙaita a taƙaita su. Mai ɗumamawa yana buƙatar waya biyu zuwa kowane kai na ampul. Na sha ganin an haɗe ƙafafun biyu da waya guda don sauri, wanda hakan ya rushe dukan amfanin kuɗin da aka kashe. A ɗaure shi a jikin ƙarfen regilet da sukurori biyu domin ƙarfen ya riƙa janye masa zafi, a haɗa wayar ƙasa in gidan yana da ita. Da yawa daga cikin masu kyau suna kashe kansu in ampul ya tsufa, don haka in fitila ta mutu ɗif kada a yi saurin yanke wa balas hukunci. A sa sabon ampul, a kashe makunni a sake kunnawa.

Da an gama, a rubuta ranar da aka sa ampul da alƙalamin maka a kan hular ƙarfensa. Na rubuta wa telan, na kuma ce wa yaronsa duk ranar da aka sauya ampul a regilet mai sitata a sauya sitatar tare, kuma in hunturu ya wuce ya sauke disjonkta ya goge ƙurar da ta kwanta a kan gilashi da bayan regilet.

Mataccen ampul kada a fasa shi, kada kuma a bar yara su mai da shi takobi, domin zaibar da ke ciki guba ce ko da miligiram kaɗan ce. In ya fashe a ɗaki a buɗe ƙofa da taga a fita na ɗan lokaci, sannan a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma a ƙulle a leda. Saboda wannan zaibar ce Tarayyar Turai ta daina barin sababbin T5 da T8, wato dogayen ampul neyo da aka saba da su, su shiga kasuwarta tun Agustan 2023, ƙasashen yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba kuma, wadda Nijar ke cikinta, suka amince a taronsu na Janeba a 2023 cewa za a daina ƙera neyo na hasken gida da shigo da shi zuwa ƙarshen 2027. Wanda balas ɗinsa ya mutu yau yana da dalilin duba bututun LED kafin ya sayi wani. A nan ma sai an kula da abin da ke cikin regilet: wani bututun an yi shi ne ya zauna a kan balas na ƙarfe, yana zuwa da sitatarsa ta musamman da ake sawa a madadin tsohuwa, wani kuma sai an cire balas gaba ɗaya an kai masa wuta kai tsaye, kuma yawancinsu ba sa shiri da balas na elektoronik sai in an rubuta haka a kwalinsu. Regilet ɗin da aka cire wa balas a rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe cewa LED kaɗai, saboda wanda zai zo bayan shekara biyu da neyo a hannunsa bai san abin da aka yi a ciki ba.